Idan jiniyar tashar nukiliya ta yi kuka, me ake so iyali su yi?

Da safiyar Lahadi 12 ga Janairun 2020, ƙarfe bakwai ta ɗan wuce, wayoyin miliyoyin mutane a lardin Ontario na ƙasar Kanada suka ɗauki ƙara lokaci guda. Saƙon gaggawa ne daga hukuma, yana cewa an samu wata matsala a tashar nukiliya ta Pickering da ke gabas da birnin Toronto. Saƙon ya ce babu tururi mai cutarwa da ya fita, kuma ba a bukatar kowa ya ɗauki wani mataki, amma bai faɗi ko wace irin matsala ba ce. Sai da aka yi kusan awa biyu kafin saƙo na biyu ya zo yana cewa kuskure ne: ma'aikata ne suke atisaye, saƙon gwaji ya kuɓuce ya shiga wayoyin jama'a.

Abin da ya ja hankalina a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne abin da ya biyo baya. A cikin kwana biyu kacal, buƙatun ƙwayar aidin ta kariya da jama'a suka tura sun haura 30,000, alhali an daɗe ana ba da ita kyauta ga duk mai zama kusa da tashar. Sai da tsoro ya shiga gida sannan mutane suka tuna da ita. Mu kuwa mun san ba a fafe gora ranar tafiya. Jiniya ko saƙon waya ba su da amfani ga iyalin da bai san ma'anarsu ba tun kafin ranar da za su yi ƙara.

Yadda aka fara kafa jiniyoyin

A ranar 28 ga Maris 1979, ɗaya daga cikin tukwanen tashar Three Mile Island a jihar Pennsylvania ta Amurka ya lalace, wani ɓangare na makamashin da ke cikinsa ya narke. Kwana biyu jama'a suna jin maganganu masu karo da juna daga kamfani da hukumomi. A ranar 30 ga wata gwamnan jihar, Dick Thornburgh, ya shawarci mata masu juna biyu da ƙananan yara da ke cikin mil biyar daga tashar su bar wurin. Waɗanda shawarar ta shafa 'yan dubbai ne, amma kimanin mutum 140,000 ne suka kwashe kayansu suka tafi, domin babu wanda ya san maganar wa zai gaskata. Hatta maganin aidin babu shi a ajiye. Cikin gaggawa aka sa wani kamfani ya haɗa kwalabe fiye da 200,000, suka fara isowa bayan kwanaki, kuma daga ƙarshe ba a raba su ba.

Tururin da ya fita a wannan hatsari kaɗan ne, amma ruɗanin ya koya wa Amurka darasi. Daga 1980 aka kafa doka cewa kowace tasha sai ta kasance da shiri na musamman ga mazauna mil goma, wato kimanin kilomita 16, da ke kewaye da ita, kuma dole a iya sanar da su cikin kimanin minti 15. Akwai da'ira ta biyu mai faɗin mil 50, kimanin kilomita 80, inda ake sa ido kan madara, ruwan sha da amfanin gona. Daga nan ne aka kakkafa manyan jiniyoyi a kan dogayen turaku a unguwanni da gonaki, ana kuma aika wa kowane gida takarda ko kalanda duk shekara mai ɗauke da taswirar hanyoyin fita da tashoshin rediyon da za a kama.

Jiniya ba umarnin gudu ba ce

Mu a nan idan muka ji jiniya, motar asibiti ce ko ayarin wani babba, sai mu kauce hanya. Ta tashar nukiliya aikinta daban ne. A Amurka sauti ne guda ɗaya mai tsawo, na minti uku zuwa biyar, kuma abin da yake cewa shi ne: shiga ciki, kunna rediyo ko talabijin, ka saurara. Kamar gangar mai shela ce a garuruwanmu, wadda take tara hankalin jama'a kafin a faɗi saƙon sarki. Saƙon da zai biyo baya ne zai ce a zauna a gida, ko a fita ta hanya kaza, ko a sha ƙwayar aidin, ko kuma babu abin da za a yi.

Dalilin da ya sa ba a so a ruga shi ne, burɓushin nukiliya iska ce take ɗaukarsa, ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Wanda ya fita ba tare da sanin inda iska ta dosa ba yana iya shiga tsakiyar abin da yake gudu. Bangon siminti da rufaffiyar taga sun fi mota kariya, musamman motar da ta maƙale a cunkoso.

Saboda kada mutane su manta da sautin, ana gwada jiniyoyin a ranakun da kowa ya sani. A Faransa ranar Larabar farko ta kowane wata ce da tsakar rana. Jamus tana da ranar gwajin gargaɗi ta ƙasa baki ɗaya a watan Satumba, inda jiniya da wayoyi suke ƙara tare. Tashar Koeberg da ke kusa da Cape Town, wadda ita kaɗai ce tashar lantarkin nukiliya mai aiki a Afirka tun 1984, ita ma tana gwada nata a kai a kai. Kuma tunda jiniya ba ta isa ga kurma, ko mai barci a rufaffen ɗaki, ana haɗa ta da saƙon waya, motoci masu lasifika da masu bi gida gida.

Abin da jinkiri ya jawo, da abin da gaggawa ta jawo

Tashar Chernobyl a tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta fashe da ƙarfe 1:23 na daren 26 ga Afrilun 1986. Garin Pripyat, mai kimanin mutum 49,000, kilomita uku ne daga wurin. Washegari yara suka tafi makaranta, mata suka fita da jarirai shan iska. Sai bayan kimanin awa 36 aka fara kwashe mutane, aka ce su ɗauki kayan kwana uku. Ba su sake komawa da zama ba. A ƙauyukan da ke nesa kuwa, babu wanda ya hana yara shan madarar shanun da suka ci gurɓatacciyar ciyawa. Zuwa 2005 an ƙirga sama da mutum 6,000 da suka kamu da kansar tayirod cikin waɗanda suke yara ko matasa a lokacin hatsarin a Belarus, Yukren da Rasha. Ƙasar Poland, da ta samu labari, ta raba ruwan aidin ga yara fiye da miliyan 10 cikin 'yan kwanaki, ta kuma hana shan madarar shanun da ke kiwo a fili.

A Fukushima ta ƙasar Japan, a Maris ɗin 2011, matsalar ta zo ta wata fuska. Girgizar ƙasa da igiyar ruwa sun katse lantarki da layukan waya, don haka wasu shugabannin garuruwa ma a talabijin suka ji umarnin kwashe jama'a. Cikin kwana biyu aka faɗaɗa da'irar daga kilomita 3 zuwa 10 zuwa 20. Wasu mutanen garin Namie suka nufi arewa maso yamma, wajen da iska ta kai burɓushin. Tsofaffi da marasa lafiya da aka kwaso daga asibiti aka yi ta yawo da su a bas na tsawon awanni, gommai suka rasu a hanya ko jim kaɗan bayan isa. Daga baya hukumomi sun lissafa fiye da mutum 2,000 a lardin da mutuwarsu take da alaƙa da wahalar ƙaura. Ga mai ciwon suga, hawan jini ko ciwon ƙoda, rabuwa da maganinsa na kwana uku hatsari ne na kansa.

Gaskiyar magana kan ƙwayar aidin

Tayirod wata ƙaramar halitta ce a gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta ne tsotse aidin daga jini, kuma ba ta bambanta mai kyau da mai guba. Idan tashar nukiliya ta saki aidin mai tururi, wanda ake kira aidin 131, tayirod ɗin yaro zai tara shi. Ƙwayar fotasiyam ayodayid, wadda ake rubuta KI a jikin kwalinta, tana cika tayirod da aidin mai kyau har ya ƙoshi, sai mai gubar ya rasa wurin zama ya fita ta fitsari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade adadin kamar haka: miligiram 130 ga wanda ya wuce shekara 12, 65 ga ɗan shekara 3 zuwa 12, 32 ga ɗan wata ɗaya zuwa shekara 3, sai 16 ga jaririn da bai kai wata ba. Lokaci ne ginshiƙinta. Ta fi aiki idan an sha cikin awa 24 kafin burɓushin ya iso ko cikin awa biyu bayan isowarsa, tana da sauran amfani har zuwa awa takwas, amma bayan kwana guda illarta tana iya fin amfaninta. Shi ya sa ba a shanta sai hukuma ta ce a sha. Yara, masu juna biyu da masu shayarwa su ne a gaba. Wanda ya haura shekara 40 amfaninta gare shi kaɗan ne, mai ciwon tayirod kuma ya tambayi likitansa tun da wuri.

Abu uku nake so mai karatu ya riƙe. Na farko, ƙwayar tayirod kaɗai take karewa, kuma daga aidin mai tururi kaɗai, ba ta hana sauran illolin nukiliya. Na biyu, gishiri mai aidin ba ya maye gurbinta. A 2011 mutane a ƙasar Sin sun wawashe gishiri a shaguna saboda jita-jita, alhali gishirin da mutum zai ci kafin ya samu aidin ƙwaya ɗaya ya isa ya hallaka shi. Na uku, aidin da muke shafa wa ciwo guba ne idan aka sha, kada a kuskura a ba yaro.

Idan an ce a zauna a gida

A shiga ciki, a rufe ƙofofi da tagogi, a kashe duk na'urar da ke jawo iskar waje, a zauna a ɗakin da ya fi nisa da bangon waje. Wanda ya shigo daga waje ya cire tufafin sama ya ƙulle su a leda, domin wannan kaɗai yana kawar da har kashi 90 cikin 100 na ƙurar da ta manne masa, sannan ya yi wanka da sabulu ba tare da dirzar fata ba. A ci abincin da ke rufe, a sha ruwan da ke rufe. Abin da ya fi yi wa uwa wuya shi ne umarnin kada a je ɗauko yara a makaranta. Makarantun da ke cikin da'irar suna da nasu shirin da wurin da za su kai yara, kuma iyaye suna samun sunan wurin tun farkon shekara.

Ina ruwanmu?

Najeriya ba ta da tashar lantarkin nukiliya. Abin da muke da shi ƙaramin tukunyar bincike ne a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, yana aiki tun 2004, kuma bai kama ƙafar waɗancan manyan ba. Amma an sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, an kuma ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da ake tunanin ginawa. Duk ranar da maganar ta taso da gaske, tambayoyin da iyalai za su yi a fili suke: wa zai sanar da mu, cikin minti nawa, da wane harshe, kuma yaya idan babu wuta ko sabis? Sannan da yawa daga cikinmu muna da 'ya'ya da 'yan uwa masu karatu ko aiki a Kanada, Amurka, Faransa da Jamus. Ku tambaye su ko sun san nisan gidansu da tasha mafi kusa, ko sun karanta takardar da aka jefa musu a akwatin wasiƙa, ko sun karɓi ƙwayarsu.

Mazauna Legas kuwa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A ranar 27 ga Janairun 2002, lokacin da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta yi ta fashewa, jama'a suka ruga cikin duhu ba wanda ya gaya musu abin da ke faruwa ko inda za su nufa. Sama da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu a magudanar ruwa ta Oke-Afa, da yawa yara ne. Ba nukiliya ba ce, amma rashin sanarwa iri ɗaya ne.

Don haka ko babu jiniya a unguwarmu, akwai abin da kowane gida zai iya yi a wannan makon. A ajiye ƙaramin rediyo mai batir da tocila. A rubuta sunayen magungunan kowa da adadin da yake sha a takarda, a sa ta a jaka tare da maganin aƙalla mako guda. A koya wa yara lambar gaggawa ta 112 da lambar wayar wani babba a dangi. A zauna a yanke wurin da za a haɗu idan aka rabu. Idan kuma wani saƙon tashin hankali ya shigo ta WhatsApp, a kunna rediyo a tabbatar kafin a tura wa kowa. Allah ya tsare mu da iyalanmu.