Jijiyoyin Gaɓoɓin Wuya: Abin Da Ya Tabbata Da Abin Da Aka Ƙara

Magana biyu suke yawo a kan ciwon wuyan da yakan daɗe bayan haɗarin mota, lokacin da kai ya fizgu baya da gaba. Wasu sun ce gaɓoɓin wuya ƙashi ne da guringuntsi kawai, ba su da ji, saboda haka wanda hoton asibiti bai nuna masa karaya ba raki ne yake yi; wasu kuwa sun ce masana sun gwada ɓeraye da awaki, sun gano asalin ciwon, har sun sami maganinsa na dindindin. Ta farko ɓatacciya ce tun daga tushe, ta biyu kuwa gaskiya ce da aka yi wa ƙari.

Ƙasusuwan wuyan ɗan Adam bakwai ne, kuma haka adadin yake ga ɓera da akuya da raƙumin dawa duk da tsawon wuyansa. Ta bayan waɗannan ƙasusuwa akwai ƙananan mahaɗai, dama da hagu, kowace a lulluɓe da tantani mai ƙarfi. A 1982 Nikolai Bogduk na Ostareliya ya bayyana filla-filla, daga gawarwakin mutane, rassan jijiyoyin da suke isa ga mahaɗan nan. Daga baya, a 2001, Ohtori da abokan aikinsa a Jami'ar Chiba ta Japan suka sanya rini mai ƙyalli a mahaɗar wuyan ɓera, suka bi sawunsa, sai ga shi ya bayyana a ƙululun jijiyoyi na matakai da dama, sama da ƙasa da mahaɗar. Wannan yana daga cikin dalilan da ake kawowa a kan yadda raɗaɗin wuri guda yake bazuwa, har majiyyaci ya kasa ɗora yatsa a kansa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ita ce wadda ta zo daga Amurka. A Jami'ar Wayne State da ke Detroit, a wajajen 2005, Cavanaugh da jama'arsa sun sumar da awaki, suka riƙa miƙar da tantanin mahaɗar a hankali suna auna saƙon jijiyoyi, sai suka tarar wasu suna motsawa da ɗan ja kaɗan, wasu kuwa, waɗanda ake dangantawa da zafi, ba sa tashi sai jan ya tsananta. A Jami'ar Pennsylvania kuma, Beth Winkelstein ta miƙar da mahaɗar ƙashi na shida da na bakwai a wuyan ɓera ba tare da ta tsinke ba, aka riƙa taɓa tafin ƙafarsa ta gaba da siririn zare mai tauri, yana fizge ta kwanaki bayan aikin, alhali lafiyayyen ɓera ba ya kula da irin wannan taɓi. Abin mamaki, inda tantanin ya yage gaba ɗaya, alamar ciwon ba ta ɗore haka ba. Ashe rashin ganin yagewa a hoto ba hujja ba ce ta ƙaryata mai kuka.

Sai dai ƙiyasin mutum a kan dabba yana da iyaka, domin ɓera ba ya faɗin abin da yake ji, janye ƙafa kawai ake fassarawa, kuma mai ƙafa huɗu ba ya ɗaukar nauyin kansa yadda muke ɗauka. Hasali ma ba kowane ciwon wuya ne daga mahaɗan nan yake ba. Tsoka da faifan da ke tsakanin ƙasusuwa suna da nasu rabon, shi ya sa likitoci sukan kashe jijiyar da allura na ɗan lokaci, su ga ko ciwon zai ɗauke, kafin su yanke hukunci.

Amma da'awar waraka ta har abada, ba dabba ce ta tabbatar da ita ba, ba kuma mutum ba. A 1996 Lord da Bogduk da abokansu sun gwada ƙone jijiyar da zafin lantarki a kan majiyyata 24 a Ostareliya: waɗanda aka yi wa aikin na haƙiƙa sun sami sauƙin da matsakaicinsa ya kai kwana 263, waɗanda aka yi wa na kwaikwayo kuwa kwana 8. Nasara ce babba, amma jijiyar takan sake tofowa, ciwon ya dawo, a bukaci maimaita aikin.