Ma'anar Ribaɗi da Yadda Aka Yi Aiki da Shi

Kalmar ribaɗi ta fito daga tushen Larabci na r-b-ṭ, wanda asalinsa ɗaurewa ne. A aya ta 60 ta Suratul Anfali tana nufin ɗaure dawaki cikin shirin yaƙi. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa zaman dako a bakin iyaka, sannan ta zama sunan wurin kansa, kamar ribaɗin Munastir na Tunisiya da aka gina a 796. Hadisi kuma ya kira jiran salla bayan salla ribaɗi, abin da ya ba Sufaye ƙofar sanya wa zawiyoyinsu wannan suna.

Kuskure ne a fassara shi da sansani kawai, domin sansani ana tashinsa da zarar yaƙi ya ƙare. Ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya assasa gari ne mai ganuwa, da masallaci, da makaranta, da gonaki, inda ake zaunar da makiyaya tare da malamai da masu sana'a. Shi kansa ya zaɓi zama a Wurno, can ya rasu a 1837, can aka binne shi.

A ƙasar Haɗeja ana ganin dalilin wannan siyasa. Kafin jihadi, Auyo da maƙwabtanta kamar Garun Gabas suna bin Borno ta hannun Galadiman Nguru. Da suka shiga Daular Usmaniyya, sai fadamar kogin Haɗeja ta koma bakin iyakar gabas, tana fuskantar tsohuwar uwargijiyarta.