Mu Kula Da Robar Mahaɗa

Jama'a manoma, a bakin kogin Komadugu, daga Shetimari zuwa Geskeru har Boso, tattasai ne cinmu da suturarmu. Shi kuwa ba ya yi sai da injin ban ruwa.

Sau da yawa mukan ga inji yana ta ruri, fetur yana ƙonewa, amma ruwa ba ya isa fangali. Kafin mu kai shi wurin bakanike, mu duba inda tiyo ya haɗu da inji. Akwai wata ƴar roba a wurin mai kama da zobe. Kanikawa na ce mata gasket. Idan ta tsage a gefen da ke zuƙo ruwa, ba lalle mu ga ɗigo ba. Iska ce ke shiga, sai inji ya kasa jawo ruwa.

Da yawa cikinmu kan yanko robar cikin taya mu sa. Ga ruwan kogi tana ɗan yin aiki. Amma ba kowace roba ke jure kowane irin ruwa ba. Fetur da man inji suna kumbura robar taya har ta yi laushi ta ruɓe. Wadda ke jure mai sunanta nitril. Ita za mu tambaya a kasuwar Diffa.

Ko a rijiyoyin mai na Agadem, da ke cikin jiharmu, da matatar Zinder da aka buɗe a 2011, haka ake zaɓe. A irin waɗannan wurare akan sa zoben da aka haɗa ƙarfe da wani abu mai laushi, don ya jure zafi da matsi.

Abin da ya fi damunmu shi ne famfon feshi. Wasu magungunan ƙwari suna cin roba. Sai maganin ya riƙa tsiyaya a bayan mai feshi, riga ta jiƙe, guba ta shiga ta fata. Ciwon kai, jiri da amai su biyo baya. Wanda ya ji haka ya tuɓe rigar, ya yi wanka da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin.

Kafin feshi, mu gwada famfo da ruwa zalla. In ya ɗiga, a canza robar. Wajen ɗaure noti kuwa, a bi su kaɗan kaɗan, wannan sannan na daura da shi, don kada robar ta matse a gefe guda.