Soɓorodon Damagaram: a san gonar da ya fito

A ƙasar Faransa, cikin yankin Burgoni, akwai wata gonar inabi mai suna Romanée-Conti. Faɗinta bai kai hekta 2 ba, amma jar giyarta tana cikin mafi tsada a duniya, domin ba a gauraya ta da ta wata gona.

Jan abin shan Damagaram kuwa soɓorodo ne. Manoman Magariya, Matamaye da Mirriya sukan shuka sure a gyaffan gonakin hatsi da damana, su tsinke shi da kaka. Akwai mai duhu, mai kauri, tsaminsa a kwance. Akwai mai haske, tsaminsa da kaifi. Abin takaici, sau da yawa a buhu ɗaya ake ɗura su, a nufi kasuwar Maigatari, daga can sai Kano, har Meksiko. Ta haka manomin da ya shanya nasa bisa tabarma ba ya cin ladan wahalarsa, kuɗinsa ɗaya da mai shanya cikin rairayi.

Soɓorodo mai kyau ba ya son doguwar tafasa. Akan wanke shi, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa citta da kanumfari kaɗan, sukari daidai, sannan a sanyaya cikin randa. Ƙanƙara in ta yi yawa takan kashe ƙamshinsa.