Idan yaro ya kawo ƙarfi: yadda ake miƙa masa asusunsa na intanet

Iyaye da yawa sun buɗe wa 'ya'yansu asusun Google tun suna ƙanana, suna kula da shi ta manhajar Family Link. Daga wayarsu suke ƙayyade awannin da yaro zai yi a kan waya, su amince da manhajar da zai sauke, su ga inda yake. Wannan kulawa tana da wa'adi, kuma yadda aka kawo ƙarshenta shi zai nuna ko matashin zai riƙe asusunsa lafiya ko zai rasa shi.

Shekaru biyu ne abin lura: 13 da 18. Na farkon ya samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan yaron da bai kai 13 ba sai da izinin iyayensa. Wasu ƙasashen sun ɗaga shi, Faransa ta kai shi 15, Jamus 16. Da zarar yaro ya kai wannan adadin shekarun, ana iya cire wa asusun Google kulawar iyaye, amma sai an cika 18 kamfanonin ke ɗaukar mai shi a matsayin babba. A wajen Apple, wanda bai kai 13 ba ba ya iya fita daga rukunin iyali, wato rukunin da ya haɗa asusunsa da na iyayensa, sai dai a mayar da shi wani rukunin. A PlayStation kuwa, sai an cika 18 ake ɗaga asusun yaro ya koma na manya.

Duk wannan lissafin yana kan ranar haihuwar da aka rubuta ranar buɗe asusun. Idan an yi kuskure, a gyara ta da gaskiya. Kada a ƙara wa yaro shekaru don a huta, domin kamfanin na iya neman katin shaida, kuma yana iya rufe asusun idan bayanan suka ci karo.

Cire kulawar ba ya goge komai. Hotuna da saƙonnin imel da lambobin mutane duk suna nan. Abin da ke tafiya shi ne ikon iyaye na kulle wayar da tantance manhajoji. Saboda haka babu dalilin watsar da tsohon asusu a buɗe sabo, musamman idan da shi aka yi rajistar JAMB ko ta makaranta.

Inda ake yawan samun matsala shi ne makullan asusun. Ku zauna tare da matashin, waya a hannu, ku shiga saitin tsaro. Ku duba lambar wayar da ake turo saƙo idan an manta kalmar sirri. Sau da yawa za ku tarar ta mahaifi ce, ko ta wani yaya da ya bar gari, ko ma ta mai shagon da ya saita wayar ranar da aka saye ta. Duk wanda ke riƙe da wannan layin, shi ke riƙe da asusun. A sauya ta da lambar matashin, kuma idan ya cika 18 ya yi wa layin rajista da sunansa da lambarsa ta NIN. Haka za a yi da imel ɗin dawo da asusu.

Bayan nan sai ya zaɓi sabuwar kalmar sirri da kansa, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke neman wata lamba ta daban kafin a shiga daga sabuwar waya. A duba jerin na'urorin da asusun ke buɗe a kansu, a fitar da tsofaffin wayoyin gida. Idan katin bankin mahaifi ne a haɗe, a cire shi ko a yi magana a fili kan abin da za a iya saye. A kuma sani cewa fita daga rukunin iyali na raba mutum da manhajoji da ma'ajiyar da ake amfani da su tare, don haka a kwafe abin da ake buƙata tukuna.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun kafin ranar ta zo, a riƙa sassauta takunkumin kaɗan-kaɗan, ana koya masa cewa ba a ba kowa lambar da aka turo ta saƙo, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. Manhaja za ta daina sa ido a kansa a rana guda, amma tarbiyya da shawara suna nan a wuyan iyaye. Ku sa ranar miƙa asusun tare da shi, ku bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ku tabbatar masa cewa duk ranar da wani abu ya rikice masa zai iya zuwa ya faɗa ba tare da tsoron faɗa ba.