Lafiyar Ƙasar Noma: Jawabi Ga Hakiman Jega, Aliero Da Maiyama

Arzikin waɗannan gundumomi na ƙasar Gwandu a gona yake: albasar Aliero, shinkafar fadamun gulbin Zamfara wajen Jega, da gero da dawa na Maiyama. Ƙasa kuwa takan yi ciwo, kuma takan nuna alama tun amfani bai ragu ba.

Masana sun tabbatar ƙananan halittu su ke fara ba da labari. Gonar da ke da tana da yawa lafiyayya ce. In tana ta ɓace, ko kifi da kwaɗi suka riƙa mutuwa a tafki bayan feshi, lalle guba ta shiga. In gishiri ya yi fari bisa lambu, albasa za ta tsumbure.

Sakaci da guba yana jawo hasarar rayuka. A 2010 dalma daga niƙan dutsen zinariya cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum na Zamfara. Sai da aka kankare ƙasar gidajen, aka zuba sabuwa.

Saboda haka ana roƙon Hakimai:

1. Su umurci dagatai su kawo rahoton waɗannan alamu nan da nan.
2. Malamai su rubuta ranar, da wurin, da sunan maganin da aka fesa.
3. A hana wanke kayan feshi a gulbi ko bakin rijiya.
4. Malamin gona ya ɗebi ƙasar, ya nemi a auna ta a jami'ar kimiyya da aka kafa a Aliero a 2006.

Rigakafi ya fi magani.