A Nuna wa Ɗalibi Inda Ƙa'idar Kwadiratik Ta Fito

Duk ɗalibin babbar sakandare da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ya san wannan layi: x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a. Da shi ake warware kowane lissafi mai siffar ax² + bx + c = 0, muddin a ba sifili ba ce. Ƙa'ida ce ingantacciya, ba ta da makusa. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake koyar da ita: a rubuta a kan allo, yara su kwafa, su haddace, a wuce gaba. A ganina wannan tauye wa yaro haƙƙi ne, domin ƙa'idar tana da dalili, kuma dalilin bai fi ƙarfin ɗan shekara 15 ba.

A ce mutum yana da fili mai girman murabba'in mita 216, tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 6. Idan faɗin shi ne x, to x² + 6x = 216. A zana murabba'i mai gefe x, a jingina masa wani zirin fili mai faɗin mita 6. A tsaga zirin biyu, mita 3 kowanne, a bar ɗaya a gabas, a kai ɗaya kudu. Abin da zai fito kusan babban murabba'i ne, sai dai kusurwa ɗaya ta yi giɓi, kuma giɓin 3 sau 3 ne, wato 9. Da an cike shi girman ya koma 225, wanda shi ne 15 sau 15. Ke nan x da 3 sun zama 15: faɗi mita 12, tsawo mita 18. Ƙa'idar da ake haddacewa wannan aikin ne aka yi shi sau ɗaya da haruffa. Rabin b da ke cikinta tsaga zirin nan ne, abin da ke ƙarƙashin alamar tushe kuwa, in an raba shi da 4a², girman murabba'in ne bayan an cike giɓi.

Ta nan ilimin ya taso tun asali. Marubutan Babila sun warware irin waɗannan tambayoyi a allunan laka kusan shekaru 4,000 da suka wuce. Brahmagupta na Indiya ya bayyana hanyar a shekarar 628. Muhammad ɗan Musa Al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rubuta littafinsa na aljabara wajen shekarar 820 ba tare da alamar lissafi ko ɗaya ba. Da kalmomi ya yi bayani, da zane ya kafa hujja, kuma ya yi shi ne don masu rabon gado da ciniki da awon ƙasa. Sai a ƙarni na 17, zamanin Descartes, haruffan da muka sani suka zauna.

Malamai za su ce lokaci ya yi kaɗan, aji ya cika maƙil, manhaja na jiransu, kuma mai duba takarda amsa yake nema. Gaskiya ne, ba kuma ina raina hadda ba, dole a ƙarshe ɗalibi ya riƙe ƙa'idar a ka. Amma darasi ɗaya ya isa zanen nan, kuma yana rage kurakuran da ke cinye maki. Wanda ya san asalin 2a ba zai raba rabin lissafi da ita ya bar rabi ba. A misalin filin, ƙa'idar tana ba da amsa biyu, 12 da −18. Wanda ya ga filin a zane ya san babu faɗin da ke ƙasa da sifili, zai ajiye ta biyun da hujja. Haka nan in abin da ke ƙarƙashin tushe ya gaza sifili. Shinge mai tsawon mita 20 ba zai kewaye fili mai kusurwa huɗu na murabba'in mita 30 ba, iyakarsa 25, kuma −20 ɗin da ke fitowa a ƙarƙashin tushe shi ne yake sanar da hakan. Mai hadda kaɗai zai ɗauka kwakuleta ce ta lalace.

Wasu kuma su ce waya tana ba da amsa nan take. Tana bayarwa, amma sai an ba ta a da b da c, kuma fitar da su daga maganar fili ko ta ciniki aikin mutum ne.

Malaman lissafi, kafin ku rubuta ƙa'idar nan a allo, ku fara zana murabba'in, ku bar ɗalibai su nemo giɓin da kansu.